Fashin baƙi kan gilashin ido: me yake gyarawa, kuma me lambobin nan suke nufi?

Mafi yawan masu saka gilashin medikal idonsu lafiyarsa ƙalau. Na san maganar zata yi wa wasu banbaraƙwai amma haka abin yake, babu ƙwayar cuta, babu rauni, jijiyar gani tana aikinta yadda ya kamata, abin da ya samu tangarɗa awo ne kawai, wato tsawon ƙwayar idon bai zo daidai da ƙarfin da idon ke lanƙwasa haske da shi ba. Kuma bambancin ba wani na a zo a gani bane fa, milimita ɗaya ne ko biyu, amma ya isa ya hana yaro karanta abin da malami ya rubuta a allo in yana bayan aji, ya isa ya sa direba ya kasa gane alamar hanya sai ya zo dab da ita.

Gani dai haske ne ke tasowa daga abin da kake kallo ya shiga idonka, ba ido ne ke fitar da haske ba kamar yadda wasu masanan dā suka ɗauka, Ibn al-Haisam ne ya kafa hujja mai ƙarfi a kan haka a Alƙahira shekara kusan dubu da suka wuce. Toh hasken da ya taso daga kowane ɗigo na abin da kake kallo a warwatse yake zuwa, aikin ido shine ya tattaro shi ya haɗe shi wuri guda daidai kan retina, shimfiɗar nan ta can bayan ido da hoto ke sauka a kanta. Abu biyu ne ke wannan aikin tattarowa. Akwai koniya, fatar nan garai-garai da ta rufe baƙin ido ta gaba, sannan akwai lens ɗin halitta da ke bayan ƙwayar tsakiya. Mutane sun fi sanin lens ɗin, amma koniya ce ke ɗauke da kusan kashi biyu cikin uku na aikin.

Ana auna ƙarfin lanƙwasa haske da ma'aunin da ake kira dayofta, wani likitan ido ɗan Faransa Ferdinand Monoyer ne ya kawo shi a 1872, kuma in ka fahimci wannan ma'aunin ka gama da rabin rikicin. Gilashi mai dayofta 1 yana tattara hasken da ya zo daga nesa a tazarar mita ɗaya. Mai 2 a rabin mita. Mai 4 a santimita 25. Kaga kenan duk yadda lambar ta hau, tazarar sai ta ƙara matsowa. Idon babban mutum gaba ɗayansa yana da ƙarfin dayofta wajen 60, koniya kaɗai wajen 43, tsawonsa daga gaba zuwa baya kuma wajen milimita 24. In waɗannan suka dace da juna shikenan, mutum yana ganin nesa tarwai ba tare da komai ba. In ido ya ƙara tsawon milimita ɗaya tal, an samu kuskuren dayofta biyu da rabi zuwa uku.

Wannan ƙarin tsawon shi ke kawo mayofiya, rashin ganin nesa. Idon ya yi tsawo, sai hasken ya riga ya haɗe tun kafin ya kai retina, kafin ya isa ya sake warwatsewa, sai hoton ya fito dishi-dishi. Abin kusa kuwa ras yake ganinsa, don hasken abin kusa ya fi zuwa a warwatse, yana buƙatar dogon wuri kafin ya haɗe, idon nan kuma yana da wurin. Gyaransa gilashi ne mai alamar ɗebewa, mainos kenan, siriri a tsakiya mai kauri ta gefe, aikinsa ya ɗan buɗa hasken kafin ya shiga ido don haɗewar ta matsa baya. Kuma lambar tana gaya maka wani abu kai tsaye, mai -2.00 in ya cire gilashi iyakar inda yake gani garau rabin mita ne, mai -4.00 santimita 25, mai -10.00 kuwa sai ya kawo takarda kusan hancinsa. Shi ya sa zaka ga yaro yana manne wa talabijin ko yana ƙanƙance ido in zai hango abu, ba iskanci bane ba kuma taurin kai ba.

Anan zan ɗan tsaya don mayofiya ce ta fi ɗaga wa masana hankali yanzu. Jariri ana haifarsa da gajeren ido, wajen milimita 17, sai idon ya dinga girma yana daidaita kansa da hoton da ke sauka a retina har ya tsaya inda ya dace. A wasu yaran sai ya ƙi tsayawa, ya cigaba da tsawo tun daga shekarun firamare har wajen shekara ashirin, kowace shekara lamba na ƙaruwa. Gado yana ciki, in uba da uwa duka suna da ita yaro ya fi kusa da samu, amma gado kaɗai ba zai bayyana abin da ya faru a gabashin Asiya ba, inda cikin 'yan shekarun da basu kai a ce jinin mutane ya canza ba aka wayi gari kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na masu gama sakandare a manyan birane suna da ita. A birnin Seoul na Koriya ta Kudu an auna samari 'yan shekara 19 aka samu sama da kashi 96 cikin 100. Wani hasashe da aka fitar a 2016 ma cewa yayi zuwa 2050 kusan rabin mutanen duniya zasu kasance da ita.

Kowa zai ce waya ce. Yawan kallon kusa yana da nasa laifin, ba musu, amma hawan nan ya fara tun kafin wayoyin zamani su shigo, kuma abin da hujja ta fi ƙarfi a kansa shine zaman ɗaki. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 na zama a waje kullum a makaranta, bayan shekara uku waɗanda suka kamu da mayofiya a cikinsu wajen kashi 30 ne, a sauran makarantun kuma kusan kashi 40, an wallafa sakamakon a 2015. Taiwan ma tun 2010 ta fara tura yara waje awa biyu a rana kuma an ga sauƙi. Hasken waje ko a inuwa kake ya ninka na cikin ɗaki sau da yawa, kuma bayanin da masana suka fi karkata gare shi shine hasken yana sa retina ta saki sinadarin dofamin wanda ke taka wa tsawon idon birki. Ga yaron da ta riga ta kama kuma akwai hanyoyin rage mata gudu, ɗigon maganin atrofin mai rauni sosai da aka yi ta gwadawa a Singafo, da wasu gilasai na musamman masu ƙananan tudu zagaye da tsakiya, da lens mai tauri da ake kwana da shi ya danne koniya. Rage gudu suke yi, basa mayar da ido gajere. Dalilin duk wannan wahala kuwa shine idon da ya wuce wajen -6.00 retinarsa ta miƙe ta yi siriri, ya fi haɗarin ta yage ko ta ɓamɓare, ya fi haɗarin hawan jinin ido, kuma gilashi komai kyansa baya taɓa wannan ɓangaren.

Kishiyarta ita ce haifarofiya, idon gajere ne, hasken yana isa retina bai gama haɗewa ba. Gilashinta mai alamar tarawa ne, fulos, mai tudu a tsakiya, irin wanda ke ƙara wa rubutu girma. Amma wannan matsalar munafuka ce, ɓuya take yi. Lens ɗin cikin ido ba a sandare yake ba, akwai wata tsoka zagaye da shi da in ta matse sai ya ƙara ƙumburi ya ƙara ƙarfi, da haka muke iya juyawa daga kallon nesa zuwa karatu, kuma yaro ɗan shekara goma yana iya ƙara sama da dayofta 10 ta wannan hanyar. Toh mai +2.00 ko +3.00 in yana da ƙuruciya sai ya dinga cike giɓin da tsokarsa ba tare da ya sani ba, a gwada shi ya karanta har layin ƙasa, a ce masa idonka lafiya, alhali tsokar nan tun safe har dare bata huta ba. Sai ciwon kai ta goshi da yamma, sai ido ya yi nauyi, sai ya buɗe littafi bacci ya ɗauke shi, a ce malalaci ne. Wannan ne dalilin da ya sa likitan ido ke ɗiga wa yara wani magani da ke kwantar da tsokar na ɗan lokaci kafin a auna su, ganin kusa zai yi hazo na kwana ɗaya ko makamancin haka, iyaye su tsorata, amma ba tare da shi ba lambar da za a samu ta ƙarya ce.

Kuma a ƙananan yara abin ya wuce ciwon kai. Matse tsokar nan a haɗe yake da juyo idanu ciki, don haka yaro mai babban fulos yana iya zama harara-garke, wani ma gilashi kaɗai ke miƙar masa da ido. Wanda ya fi wannan ɓoyuwa shine in ido ɗaya yana da babbar lamba ɗayan kuma lafiya, ƙwaƙwalwa sai ta riƙe mai kyan ta yi watsi da ɗayan, yaron baya kuka da komai don yana gani, in ba a gano ba har ya wuce wajen shekara bakwai zuwa takwas gyaran yana wahala ƙwarai, ko an saka gilashin daidai daga baya idon bai koyi gani ba.

Sai astigmatizim, wanda suna ne mai ban tsoro a kan abu mai sauƙi. Koniya ya kamata lanƙwasarta ta zama iri ɗaya ta kowane ɓangare kamar ƙwallo, a wasu kuma sai ta zama kamar bayan cokali, ta wani ɓangaren ta fi lanƙwasa. Sai ido ya zama yana da ƙarfi biyu, hasken ba zai taɓa haɗewa a ɗigo ɗaya ba, nesa da kusa duk da ɗan inuwa-inuwa, fitilun mota da dare su dinga jan jela. Gilashinsa ana ce masa silinda, ƙarfinsa ta fuska ɗaya kawai yake, shi ya sa dole a faɗi kusurwar da za a ɗora shi, daga digiri 1 zuwa 180. Thomas Young ne ya bayyana shi a idonsa a 1801, George Airy masanin taurari ɗan Ingila kuma ya sa aka yanka masa gilashin silinda wajen 1825. Kusan kowa yana da ɗan kaɗan da bai kai a damu ba. Wanda ake sa wa ido shine na matashin da silindarsa ke ta hawa tana canza kusurwa duk zuwa, musamman mai yawan murza ido, don yana iya zama koniyar ce ke sirancewa tana tsini.

Na huɗun kuwa babu wanda zai tsere masa in dai da tsawon rai. Lens ɗin cikin ido yana ta ƙara tauri tun muna yara, ƙarfin matsowa kusa yana raguwa a hankali ba a lura, sai wajen shekara 40 zuwa 45 ragowar ta kasa ɗaukar karatu, mutum ya fara miƙa hannu da waya yana neman wuri mai haske, zaren allura ya gagara. Firesbayofiya kenan. Ana farawa da ƙarin wajen +1.00, yana hawa har wajen +2.50 kusan shekara 60 sai ya tsaya, kuma tsayawar tana da dalili, tazarar karatu santimita 40 ce, ita kuma dayofta biyu da rabi take buƙata, in gilashi ya ɗauke wannan duka babu sauran abin ƙarawa. Da wannan lissafin zaka gane dattijon da ke cire gilashi in zai yi karatu, mai -2.50 ne, idonsa dama can a santimita 40 yake a saite. Don wannan matsalar aka fara ƙera tabarau a arewacin Italiya wajen 1290, masu tudu ne duka, na masu rashin ganin nesa sai a ƙarni na 15 suka bayyana, kuma abin dariya an shekara sama da ɗari uku ana sakawa ana gani ba wanda ya iya bayanin dalili sai da Johannes Kepler ya yi a 1604. Gilashi mai hawa biyu, sama na nesa ƙasa na karatu, da sunan Benjamin Franklin aka san shi, wanda babu layi a tsakiya kuma ƙarfin ke sauka a hankali ya fito kasuwa a Faransa a 1959 da sunan Varilux. Wannan na ƙarshen yana da daɗi amma gefensa yana ɗan karkata hoto, sabon shiga ya yi hattara da matakalar bene.

Yanzu ɗauko katin da aka rubuta maka. R ko OD idon dama ne, L ko OS na hagu. A ce an rubuta SPH -2.50, CYL -1.00, AXIS 180, ADD +2.00. Na farkon shine mayofiyar, na biyu da na uku astigmatizim ne da kusurwarsa, na ƙarshen kuma ƙarin karatu ne da ake ɗorawa kan na farkon, wato ta ƙasan gilashin ƙarfin ya koma -0.50. Ita kuma 6/6 ko 6/12 da ake faɗa ba lambar gilashi bace, sakamakon karanta allon haruffan nan ne da Herman Snellen ɗan ƙasar Holan ya tsara a 1862, 6/12 na nufin abin da kake iya karantawa a mita 6 mai cikakken gani zai karanta shi tun daga mita 12.

Maganar da na fi jin haushinta ita ce wai gilashi yana kashe ido, in ka fara ba ka dainawa. Na gane inda ta samo asali. Mutum ya saba da hazo har ya ɗauka haka duniya take, ya saka gilashi wata uku, ranar da ya cire sai ya ga hazon da dama can yana nan, yanzu ne ya samu abin kwatantawa. Yaro mai mayofiya kuma idonsa zai cigaba da tsawo ko ya saka ko bai saka ba, ɗan shekara 45 lens ɗinsa zai cigaba da tauri ko ya saka ko bai saka ba, sai gilashin ya ɗauki laifin shekaru. An ma gwada ba wa yara lamba ƙasa da tasu da sunan kar ido ya saba, a Maleshiya aka yi, sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna mayofiyarsu ma sauri ta ƙara. Gilashin yau da kullum mai lamba daidai a gaban ido yake zaune yana lanƙwasa haske, baya warkarwa baya kuma lalatawa, kana cire shi aikinsa ya ƙare.

Abin da ke iya wahalar da kai da gaske shine gilashin da ba a yanka daidai ba. Kowane lens yana da cibiya, kuma dole cibiyar ta zauna daidai ƙwayar idonka, shi ya sa ake auna tazarar tsakanin idanu biyu, a manya galibi wajen milimita 60 da 'yan kai ne. In lambar ƙarama ce kuskure baya wani damu, amma a mai dayofta 5 in cibiyar ta goce da milimita huɗu kawai hoton ya karkace har tsokokin ido sai sun yi ta kokawa su haɗa shi, ga jiri ga ciwon kai, alhali lambar da ke kan katin daidai ce. Aron gilashin wani ma matsalarsa kenan. Shi kuwa gilashin karatu na tafi-da-gidanka da ake saye a shirye, a ganina ba laifi bane ga wanda idanunsa biyu lambarsu ɗaya kuma bashi da silinda, ba zai cutar da ido ba, illarsa ɗaya yana sa mutum ya ƙi zuwa awo a daidai shekarun da hawan jinin ido ke fara cin gani ta gefe shiru ba ciwo.

Sauran abubuwan da ake jera maka lokacin zaɓe basu taɓa lambar. 1.50 da 1.59 da 1.67 da 1.74 da ake faɗa maka nau'in abin da aka yi gilashin da shi ne, bambancinsu sirantaka ce kawai, duk yadda suka hau gilashin ya fi siriri, ƙarfin ɗaya ne, mai ƙaramar lamba baya buƙatar na sama, mai babban mainos kuma ƙaramin firam ma yana rage masa kaurin gefe sosai. Na 1.59 ɗin folikabonet ne, baya saurin fashewa, shi ya fi dacewa da yara. Mai yin duhu a rana jin daɗi ne. Shafin tare shuɗin hasken waya kuwa, wani nazari na Cochrane, ƙungiyar da ke tace binciken lafiya, a 2023 da ya tattara gwaje-gwajen da aka yi bai ga alamar yana rage gajiyar ido ba, gajiyar tana zuwa ne daga daɗewa ana kallon kusa da ƙarancin ƙifta ido.

Lens ɗin mannawa a ido lissafinsa ɗaya da gilashi, sai dai da yake a kan koniya yake zaune lambarsa tana ɗan bambanta in an wuce wajen dayofta 4. Mai laushin Otto Wichterle ne ya fara ƙera shi a Chekoslobakiya a 1961. Kada a kwana da wanda ba a yi shi don haka ba, kada ruwan famfo ya taɓa shi, akwai wata ƙwayar halitta a ruwa da in ta shiga koniya maganinta yana ɗaukar watanni. Aikin lesa kuma, wato tiyatar ido da hasken lesa, sassaƙe koniya ake yi, kaurinta duka wajen rabin milimita ne, a rage mata tudu don ƙarfinta ya dace da tsawon idon. Yana aiki sosai ga wanda ya dace da shi, amma idon yana nan da tsawonsa, haɗarin retina yana nan, kuma in 45 ta zo gilashin karatu na jiransa, har da wanda dā cire nasa yake ya karanta.

In kana son ka san ko hazon da kake gani na awo ne, huda ƙaramin rami da allura a kati ka leƙa ta ciki da ido ɗaya. Ramin yana barin siririn haske ne kawai ya wuce, wanda baya buƙatar lanƙwasa sosai, don haka in gani ya washe akwai yiwuwar gilashi zai gyara, in bai canza ba ko ya ƙara duhu a nemi wani dalilin. Lambar da ke hawa da sauka cikin 'yan makonni tana iya zama ciwon suga, don suga yana canza ruwan da ke cikin lens, ba a yanka gilashi sai ya daidaita. Tsohon da ya wayi gari yana karatu ba gilashi bayan shekaru yana sakawa, ba idon ne ya dawo ba, sau da yawa yanar ido ce ta fara, ta ƙara wa lens ƙarfi kafin ta rufe shi. Mai babban mainos kuma in ya ga walƙiya-walƙiya a ido, ko baƙaƙen ɗigo sun ƙaru lokaci ɗaya, ko wani duhu yana rufowa ta gefe, wannan ba maganar canza gilashi bace, retina ce, a ranar ya kamata likitan ido ya duba shi.